Wai Sin da Caina ƙasa ɗaya ce, to ina aka samo suna biyu?

Abban_Ilham

Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah ina da tambaya ga masu ilimin tarihi da harshe na wannan zaure, kuma kar a yi min dariya. Jiya da daddare muna jin labarai a rediyo sai aka ce shugaban ƙasar Sin ya yi kaza da kaza, sai 'yata da take aji biyar a firamare tace Abba ina ne kuma Sin, nace mata ai itace Caina, tace to me yasa ba za a ce Caina ɗin ba kawai tunda a jikin cajar wayarka ma Caina aka rubuta. Wlh sai na tsaya ina sosa ƙeya, nace mata jeki kwanta dare yayi.

Da safe na kai maganar majalisarmu ta bakin shagon mai shayi, nan fa musu ya kaure, wani yace Sin wani tsohon birni ne a ƙasar Larabawa 'yan rediyo ne suka ɗauko sunan suka liƙa wa Caina, wani yace daga harafin sin na allo aka samo shi, wani kuma ya rantse da girman Allah cewa Caina ba sunan ƙasa bane sunan kamfani ne. Har shayina ya huce ba a tsayar da magana ba. Toh wai gaskiyar abin yaya yake, kuma su mutanen da kansu wanne suke kiran ƙasar tasu a cikin biyun?

Dogo_Fagge

Hhhh mai cewa sunan kamfani ne ɗin nan a ƙara masa shayi a asusuna. Ni dai abin da na sani in kaya yayi kyau na ƙasar Sin ne, in ya lalace a sati ɗaya ɗan caina ne, in kuma ana faɗa ana tashi sama to fim ɗin canis ne. Bari masana su zo.

Malamin_Aji

Wa alaikumussalam Abban Ilham, Allah yayi wa yarinyar nan albarka, manya da yawa basu taɓa tsayawa sun yi wannan tambayar ba. Sin da Caina kalma ɗaya ce, uwa ɗaya uba ɗaya, hanya ce kawai ta raba su. Ɗaya ta biyo ayarin fatake da littattafan malamai, ɗaya ta biyo jirgin ruwan Turawa, suka zo suka haɗu a bakin Bahaushe bayan shekaru aru-aru ko gane juna basu yi ba.

Abin da mafi yawan masana suka tafi a kai shine tushen sunan wata masarauta ce da ake rubuta ta Qin. Kar harafin q ɗin nan ya ruɗe ka, a tsarin rubutun boko da Sinawa suka ɗauka a 1958 q ɗin kusan c ɗinmu ce, wato da Bahaushe aka ba alƙalamin Cin zai rubuta, kamar dai cin tuwo. Masarautar Cin ɗin nan tana can gefen yamma ne, yankin da yanzu ake kira Gansu da Shaanxi, kaga kenan duk bafataken da ya taso daga yamma su zai fara tararwa kafin ya ga sauran, kuma ka san halin baƙo, garin da ya fara sauka da shi yake kiran ƙasar gaba ɗaya. A shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam sarkinsu ya gama cinye sauran masarautu shida da yaƙi ya haɗe ƙasar wuri ɗaya, shine mutumin nan da manoma masu haƙar rijiya suka ci karo da rundunar sojojin yumɓu kusa da kabarinsa a 1974. Daular bata yi ƙarko ba ko kaɗan, shekara 15 ta rushe, amma sunan ya riga ya fita ƙasashen waje ba mai dawo da shi.

Mutanen Indiya a tsohon harshensu na Sanskirit suka ce Cina. Farisawa suka ce Cin. Larabawa da suka karɓa daga Farisawa basu da harafin c a harshensu sai suka mayar da shi Sin, mu kuma malamanmu suka karanto shi a littattafan Larabci tun kafin wani Bature ya tako ƙasar Hausa. Wannan shine Sin ɗin rediyo, ba 'yan rediyo ne suka ƙirƙiro ba, tarar da shi suka yi a gida.

Caina kuma ga yadda ta zagayo. Mutanen Fotugal sun isa Indiya ta teku a 1498, suka kama tashar Malaka a 1511, a waɗannan tashoshin suka riƙa jin 'yan kasuwar Indiya da na Malaka suna cewa kayan nan daga Cina yake, a 1513 wani mutuminsu Jorge Álvares ya kai bakin gaɓar ƙasar da kansa. Sai suka rubuta sunan China, ch ɗin a lokacin c suke furta ta. Daga rubutunsu ya bazu a Turai, ya shiga littafin Ingilishi a ƙarni na 16. To su kuma Ingilishi ka san tsiyarsu da wasali, harafin i sau da yawa da sautin "ai" suke karanta shi, shi yasa Cina ta koma Caina a bakinsu, in ka je Italiya ko Sifen har gobe Cina zaka ji kamar yadda 'yan Indiya na da suka faɗa. Mu da Ingila ta mulka sai muka gaji lanƙwasasshen.

Saboda haka ka gaya wa mutumin majalisarku babu wani birnin Larabawa da ake kira Sin da aka ara, kuma babu kamfani.

Almajirin_Omdurman

Malam Allah ya ƙara basira, kun yi bayani mai gamsarwa, ina neman izini in ɗora kaɗan ta ɓangaren Larabci tunda nan muka ɗan leƙa.

Shi mai cewa daga harafin sin na allo ne, to ai ko rubutun ma ba da sin ake yi ba, da sodi ake rubuta shi, الصين. Kuma ba a wannan kalmar kaɗai Larabawa suka yi haka ba, ɗabi'arsu ce in suka ari kalmar Farisanci mai c su mayar da ita sodi, misali sandar da ake buga ƙwallon doki Farisawa suna ce mata caugan, Larabci ya mayar da ita saulajan da sodi. Mu kuma Hausa bamu da sodi, duk inda ta zo s muke mayar da ita, dubi sadaka, dubi sallah, dubi sabulu, duk da sodi suke a asalinsu. Kaga an yi ari biyu kenan, Balarabe ya rasa c ya sa sodi, Bahaushe ya rasa sodi ya sa s, alhali abin dariyar shi Bahaushe yana da c ɗin tun farko, da kai tsaye ya karɓa daga Bafarishe da Cin zai ce daidai wa daida.

Kuma Larabawa sun daɗe da sanin ƙasar ba a labari kawai ba. Tun zamanin Abbasiyawa jiragensu suna tashi daga Basra da Siraf har birnin da suke kira Khanfu, wato Gwanzu ɗin da 'yan kasuwarmu suke zuwa yanzu, akwai littafin labaran Sin da Hindu da aka rubuta a 851 miladiyya da yake bayanin wannan tafiyar. Shi yasa sunan ya cika kicin ɗin Larabawa, tangaran suna ce masa sini, babban farantin da ake jera abinci a kai siniyya, mu da muka zauna a Sudan kullum sai ka ji kawo siniyya, har shataletalen titi ma siniyya suke ce masa saboda zagayensa kamar faranti. Direban da yake ce maka sauka a siniyya bai san sunan Caina yake kira ba. Gishirin da ake haɗa albarushi da shi ma tsofaffin littattafansu ƙanƙarar Sin suke kiransa.

Sai abu ɗaya da nasan dole wani zai kawo, gara in riga shi. Maganar nan da muke ji tun muna yara a wajen walimar sauka da taron makaranta, a nemi ilimi ko da a birnin Sin ne, malaman hadisi basu inganta ta ba, Ibnu Hibban yace bata da asali, Ibnul Jauzi ya sa ta cikin littafinsa na hadisan ƙarya, Albani ma haka ya hukunta. Wanda ya zo a Ibnu Majah shine neman ilimi farilla ne akan kowane musulmi, babu Sin a ciki. Amma ta fuskar harshe ni a ganina wannan maganar ce ta dasa kalmar a bakin talaka, tsohuwar da bata taɓa ganin taswira ba ta san birnin Sin, ta san wuri ne da ya fi ko'ina nisa.

Bagobiri_227

Salamu alaikum mutanen Najeriya ina gajiya. Ku kuna ta Sin da Caina kun mance da mu, to ga na ukku. Mu nan Maraɗi ba mu cewa Caina sai in mun ƙetaro Jibiya sayayya, Shin muka cewa, mutanen kuma shinuwa, babur ɗan shinuwa, salula 'yar shinuwa, waɗanda sunka gina matatar man Damagaram da anka buɗe a 2011 kowa shinuwa ya ka ce musu. Dalili Faransawa ch ɗin nan sh su ka karanta ta, rubutun guda ne da na Ingilishi kusan, bakin ne ya bambanta. Da muna lakwal, wato makarantar boko, mushenmu, malaminmu kenan, ya taɓa tambaya mi an nan Sin da Faransanci, aji duka munka yi tsit, don ba mu taɓa kawowa Sin ta makarantar allo ita ce Shin ta lakwal ba.

Kuma almajirin Sudan ka mance da Ibnu Baɗuɗa. Mutumen ga ya tai Sin wajen 1345, ya kira Gwanzu da Sin Kalan da kuma Sinus Sin, bayan nan a 1353 ga shi a Takadda nan ƙasar Agadas yana rubuta cewa ana kai tagulla wata ƙasa Kubar, wadda masana da yawa sunka ce Gobir ce. Kun ga mutum guda ya rubuta Sin ya rubuta Gobir cikin littafi guda, Dogo sai ka riƙa girmama mu.

Dogo_Fagge

Bagobiri ko a ina sai ya cuso Gobir, ana maganar Caina ma. Ka bari Bayarabe ya shigo ya karɓi bawansa.

Dan_Kwari_Gwanzu

Abban Ilham rabin tambayarka ta biyu ba a amsa ba, wato su me suke kiran kansu, wannan ni zan iya cewa wani abu don na fi shekara goma ina zirga-zirgar sarin yadi da atamfa tsakanin Kantin Kwari da Gwanzu.

Amsar itace babu ko ɗaya. Ba Sin ba Caina. Zuwana na farko na shiga tasi ina so in yi wa direban kirki, wani dattijo ne, na ɗaga masa babban yatsa ina ta cewa Caina Caina, mutumin nan ya kalle ni ta madubi kamar na roƙe shi bashi, sai tafintana yayi dariya yace Alhaji ce masa Junggwo, ina faɗa kuwa sai ga haƙora waje har da ƙin karɓar cikon canji. Matasa da 'yan kasuwa sun san Caina tunda suna jin Turanci kuma su suke buga ta a jikin kwali, amma a tsakaninsu Junggwo ne, a boko suna rubuta shi Zhongguo. Jung tsakiya kenan, gwo kuma ƙasa, wato ƙasar tsakiya, harafin jung ɗin ma in ka gan shi zaka gane, ɗan akwati ne aka ratsa tsakiyarsa da sanda a tsaye, shine harafi ɗaya tilo da na iya karantawa bayan duk shekarun nan sai kuma na ƙofar fita.

Tafintan nawa ya gaya min a da can ma mutane da sunan gidan sarautar da ke mulki suke kiran kansu, shi yasa har yau babbar ƙabilarsu sunanta Han, daga daular Han da ta gaji Cin, unguwannin Sinawa na ƙasashen waje kuma titin mutanen Tang suke ce musu, daga daular Tang. Kamar dai a ce mu ana ce mana mutanen Dabo ko mutanen Rumfa gwargwadon wanda yake kan gado.

Kuma fa suma suna lanƙwasa namu yadda muke lanƙwasa nasu, kar ku ɗauka mu kaɗai ne. Najeriya a bakinsu Niriliya ce, r ɗin ma wata iri kamar mutum yana son cewa j ya fasa, Nijar kuma Niri'ar, Afirka gaba ɗaya Feijou. Manyan ƙasashe kuwa gaɓa ɗaya suke yankowa daga sunan su liƙa gwo, Amurka Meigwo, Ingila Yinggwo, Faransa Fagwo, Jamus Degwo. Harafin da suka zaɓa wa Amurka ma'anarsa kyakkyawa, duk da rigimar harajin kaya da ake ta yi tsakaninsu kullum kyakkyawar ƙasa suke ce mata a labarai. Shi kansa Gwanzu ɗin Turawa Kanton suka daɗe suna ce masa, mutanen Fotugal ne suka ji sunan lardin Guangdong suka ɗora wa birnin, har yau babbar kasuwar baje kolin da muke zuwa sau biyu a shekara da Kanton ake kiranta.

Ummu_Sadik

Malamin Aji ina wuni, ni fa akwai inda maganar bata zauna min ba. Kun ce daular shekara 15 kacal tayi, ta yaya sunan gidan da bai kai shekarun balagar yaro ba zai danne na Han da suka yi wajen shekara 400, a zamanin da babu rediyo babu waya, ayari ma sai ya shekara a hanya? Kuma na taɓa karantawa cewa littattafan Indiya na da sun ambaci Cina, wasu ana cewa sun girmi shi wannan sarkin. Ba musu nake ba ina son in fahimta ne.

Malamin_Aji

Lafiya lau Hajiya, ai wannan musun mai kyau ne, kuma laifina ne da na dunƙule. Shekara 15 ɗin ta mulkin ƙasar gaba ɗaya ce. Ita masarautar Cin a matsayinta na ƙasa mai sarkinta ta girmi haka nesa ba kusa ba, tun wajen ƙarni na 9 kafin Annabi Isa take nan a bakin iyakar yamma tana kiwon dawaki tana faɗa da makiyaya, kinga ta samu shekara ɗari shida da wani abu sunanta yana yawo a bakin maƙwabta kafin ma ta cinye sauran. Littattafan Indiya kuma irin su Mahabharata ba rana ɗaya aka rubuta su ba, ɗaruruwan shekaru aka yi ana ƙari a kai, don haka ganin Cina a ciki bai rushe maganar ba.

Amma kin yi gaskiya ba kowa ya yarda ba. Wanda ya fara haɗa sunan da Cin wani limamin Kirista ne ɗan Italiya, Martino Martini, a ƙarni na 17, daga baya masanin nan na Faransa Paul Pelliot ya ƙarfafa shi. Akwai masu cewa daga wata masarautar ce mai suna Jin, akwai mai cewa daga wata ƙaramar ƙasa ce ta kudu maso yamma da ake kira Yelang wadda ta fi kusa da hanyar Indiya. Ni dai na Cin ɗin ya fi kwanta min saboda inda take a taswira. Abin da ba a saɓa a kai ba shine daga Indiya da Farisa zuwa gaba, wannan sarƙar a rubuce take.

Turawan da ma sun taɓa samun kalmar tun kafin Fotugal, wani littafin matuƙan jirgi na Girkanci a ƙarni na 1 ya ambaci Tina, masanin taswirar nan Batlimus na Iskandariyya a ƙarni na 2 ya rubuta Sinai, sannan suna da wani sunan dabam Seres wato mutanen alharini, suna ɗauka ƙasa biyu ce, ta alharini a bi ta tudu, ta Sinai a bi ta ruwa.

Likita_Bomo

Ina ta karantawa ina jiran wani ya ambaci Kitai shiru. Ni a Rasha nayi karatun likitanci, shekarar farko ta koyon yare ce, ɗakinmu akwai wani yaro Basine, malamar tana zagayawa kowa ya faɗi ƙasarsa, da aka zo kansa sai naji yace Kitai, na zauna ina lissafi a raina wace ƙasa ce kuma wannan da ban taɓa gani a taswira ba, na ɗauka irin ƙananan tsibiran nan ne. Sai da aka tashi na tambaye shi yace min Caina mana. Rashawa basu san wani suna ba sai Kitai, haka Kazakistan da Uzbekistan da Mongoliya kowa da irin lafazinsa amma tushen ɗaya. Malam ko wannan ma daga Cin ɗin ne?

Malamin_Aji

A'a likita, wannan gidan dabam ne, kuma labarinsa ya fi na Cin daɗi. Kitan wasu makiyaya ne mahaya dawaki na arewa, ba ma Sinawa bane, yarensu dangin na Mongol ne. A farkon ƙarni na 10 suka kafa daular Liao suka mallaki arewacin ƙasar har da inda Bejin take yanzu, suka yi wajen shekara 200 sai wasu suka ture su a 1125. Ragowarsu suka gudu yamma suka kafa wata daular a tsakiyar Asiya da ake kira Ƙara Kitai, har suka karya rundunar Sultan Sanjar na Saljuƙawa kusa da Samarƙand a 1141, kaga Musulmin wannan yankin sun san su sani na haƙiƙa. To duk wanda ya tunkari ƙasar ta arewa ta hanyar tudu Kitan yake tararwa a bakin ƙofa, dokar nan dai ta garin da baƙo ya fara sauka. Turkawa da Farisawa suka ce Khita ko Khitai, Rashawa suka karɓa suka riƙe har yau. Mutanen sun narke cikin wasu ƙabilu, yarensu ya mutu, rubutunsu ma har yanzu ba a gama warware shi ba, amma Rasha tana kiran mutum sama da biliyan ɗaya da sunansu.

Marko Polo da ya bi ta tudu a ƙarni na 13 shi ya cika Turai da wannan sunan, suka mayar da shi Katai, Ingilishi Cathay, wanda kamfanin jirgin saman Hong Kong da aka kafa a 1946 yake ɗauke da shi, nasan Alhajin Kwari ya sha ganinsa a filin jirgi. Ibnu Baɗuɗan da Bagobiri yake taƙama da shi ma ya raba, kudu yace Sin arewa yace Khita. Sai abin ya zame wa Turawa irin musun majalisarku Abban Ilham, amma nasu ya ci rayuka. Ga Caina da mutanen Fotugal suke zuwa ta ruwa suna saro tangaran, ga kuma Katai ta Marko Polo mai dukiya da babban sarki, sai suka zana su a taswira ƙasa biyu, ɗaya a saman ɗaya. Kolumbus da ya tashi a 1492 Katai ɗin nan yake nema ya faɗa Amurka, Ingilishi da Holan suka yi ta tura jirage cikin ƙanƙarar arewa suna neman hanyarta mutane suna mutuwa.

Wani limamin Kirista Matteo Ricci da ya zauna a Bejin ya lura Musulmin da ke zuwa daga yamma suna kiran inda yake zaune Khitai, ya rubuta wa 'yan uwansa a Indiya cewa ku daina nema ƙasa ɗaya ce, basu gamsu ba. Sai suka tashi wani mutuminsu Bento de Góis daga Agra a 1602, yayi shigar ɗan kasuwar Armeniya ya sa wa kansa suna Abdullahi, ya bi ayari ta Kabul ya haye duwatsun Pamir ya sauka Yarkand, shekara uku yana tafiya neman Katai. A hanya ya haɗu da fataken da suka dawo daga can suna ba shi labarin wani Bature da suka zauna masauki ɗaya da shi a babban birnin Katai, da suka kwatanta sai ya gane Ricci ne. Ya ƙarasa garin Suzhou na bakin iyaka a Gansu a ƙarshen 1605, ya aika wa Ricci wasiƙa, ɗan aiken Ricci ya iso ya tarar ciwo ya ci ƙarfinsa, ya rasu a can a 1607.

Ummu_Sadik

Ikon Allah, mutum ya rasa ransa akan abin da Ilham ta tambaya tana shirin kwanciya. Na gode Malam na gamsu da batun shekarun.

Almajirin_Omdurman

Likita tunda ka zauna a Rasha ka tuna me suke kiran lemon zaƙi? Apelsin ai. To sin ɗin ƙarshen nan ita ce tamu, daga Holan suka aro, tuffar Sin kenan, Jamusawa ma suna da Apfelsine. Kaga ƙasar suna ce mata Kitai amma lemonta na Sin ne. Larabawa kuma da suke da Sin ɗin a hannu sai suka kira lemon burtuƙal da sunan Fotugal waɗanda suka yi dakonsa, amma a Aljeriya zaka ji suna ce masa cina.

Likita_Bomo

Wlh shekara bakwai ina sayen apelsin ban taɓa kawowa ba.

Dan_Kwari_Gwanzu

Wani abu da ya kamata mai tafiya ya sani, ba kowane lafazin sunan Sinawa suke so ba. Japanawa a da Shina suke cewa, daga tushen nan dai na Cina, amma saboda da shi sojojinsu suka riƙa kiran ƙasar lokacin mamaya da yaƙi sai ya koma zagi, a 1946 gwamnatin Sin ta nemi a daina, yanzu Cugoku suke cewa wato Junggwo ɗin da bakin Japan. Koriya Jungguk, Biyetnam ma nasu daga nan yake. Indunusiya kuma a 2014 shugabansu ya sa hannu a doka aka daina Cina a takardun gwamnati aka koma Tiongkok, shima Junggwo ne da yaren Sinawan kudu da suka yi ƙaura can. Amma Caina ta Turanci Sinawa basu da matsala da ita, basu yi irin na Turkiyya da ta rubuta wa Majalisar Ɗinkin Duniya a 2022 a canza mata suna ba, ita ce ma a jikin fasfonsu.

Abban_Ilham

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Malam Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Alhaji Allah ya kawo kasuwa. Na karanta wa Ilham na Malam na farko da na Alhaji, ta rubuta Cin, Sin, Shin, Caina a bayan littafin lissafinta ta zana ɗan akwatin da sanda a ƙasa tace gobe zata kai wa malamarsu. Mutumin kamfani kuma na tura masa a WhatsApp ya karanta ya sa min hannu biyu shuɗi bai ce komai ba, da yamma dai zamu haɗu.

Amma fa kun jawo min, yanzu tace in tambayo mata me yasa muke cewa Masar alhali a littafinsu na makaranta Ijif aka rubuta.

Dogo_Fagge

Buɗe sabon zare Abban Ilham, wannan ya cika. Malam a sha ruwa tukunna.